Idon Mai Karɓar Baƙi: Yadda Ma'aikatan Otal Za Su Tare Wa Masu Safarar Mutane Hanya a Kano

Matafiyin da ya taso daga Abuja ko Kaduna zai shigo Kano ne ta Titin Zariya. Ya wuce Na'ibawa, ya wuce tashar Unguwa Uku, ya iso Gyadi-Gyadi inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, sannan ya hau gadar Dangi. Wanda ya fito daga Borno, Yobe ko Bauchi kuwa, Titin Maiduguri ne zai zubo da shi ta Hotoro zuwa Tarauni. Manyan ƙofofin birnin guda biyu ke nan, kuma dukkansu sun ratsa Ƙaramar Hukumar Tarauni, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane sama da 220,000.

Inda hanya ta yawaita, masauki ma yakan yawaita. A lungunan Gyadi-Gyadi, Hausawa, Darmanawa, Daurawa da Unguwa Uku akwai otal-otal da ƙananan gidajen saukar baƙi iri-iri, daga mai hawa uku da janareta zuwa mai ɗaki takwas da fanka. Masu jinya da suka kawo mara lafiya daga nesa a nan suke kwana. Haka 'yan kasuwar da suka zo sarin atamfa a Kantin Kwari ko waya a Farm Centre, da 'yan biki, da ɗalibai masu jarrabawa, da wanda jirginsa zai tashi da asuba. Galibinsu mutanen kirki ne da ke neman wurin sa haƙarƙari, kuma galibin masu gidajen sana'arsu ta halal suke yi.

Sai dai wannan hanya ita ce kuma masu safarar mutane suke bi, kuma su ma dare yana yi musu. Yarinyar da aka ɗauko daga birnin Benin za a kai ta Libiya, ko matar da aka yi wa alƙawarin aiki a Saudiyya, dole ta kwana a wani wuri kafin a cika mota ko biza ta fito. A wannan daren, ɗan sanda bai gan ta ba, jami'in shige da fice bai gan ta ba. Wanda ya gan ta shi ne yaron da ya miƙa mukullin ɗaki, da matar da ta zo canza zanin gado, da Baba maigadi da ya buɗe ƙofa ƙarfe biyun dare. Dalilin da ya sa ƙasashe da dama suka mayar da hankali kan horar da ma'aikatan otal ke nan, kuma dalilin da ya sa Kano take buƙatar irin wannan horo fiye da garuruwa da yawa.

Abin da doka ta kira safarar mutane

A shekarar 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar da aka fi sani da sunan birnin Palermo na Italiya, Najeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2001. Yarjejeniyar ta ce laifin yana tsaye a kan abu uku. Na farko aikin da aka yi: ɗauko mutum, jigilarsa, miƙa shi ga wani, ɓoye shi ko karɓarsa. Na biyu hanyar da aka bi: yaudara, barazana, ƙarfi, sata, ko cin moriyar talaucinsa da rashin gatansa. Na uku manufa: a ci da guminsa, ko ta karuwanci, ko aikin tilas, ko bauta, ko cire wani sashe na jikinsa. Idan wanda aka yi wa bai kai shekara 18 ba, ba a ma duba hanyar da aka bi. Ko da yaro ya ce ya yarda, ko iyayensa sun yarda, laifi ya tabbata.

Abu biyu ne mutane suka fi ruɗewa a kai. Da yawa sun ɗauka sai an tsallaka iyaka kafin a ce safara ce, alhali yarinyar da aka ɗauko daga wani ƙauye aka kawo ta Tarauni tana wanke-wanke daga asuba zuwa tsakar dare, dillaliya tana karɓe albashinta, ita ma tana cikin lissafi. Wasu kuma suna haɗa safara da fasa-ƙwaurin matafiya. Mai fasa-ƙwauri kuɗi yake karɓa ya tsallakar da kai, daga nan ku rabu. Mai safara ba ya rabuwa da kai, domin kai ne hajar. A hanyar Sahara sau da yawa abin yakan fara da na farko ya ƙare da na biyu, idan guzuri ya ƙare aka ce sai an biya bashi.

Ma'aikacin otal ya kamata ya lura da kalma ɗaya a cikin jerin nan: ɓoyewa. Wanda ya ba da ɗaki alhali ya san abin da ake yi a ciki ya shiga cikin laifin, ko da bai taɓa ganin hamada ba.

Girman matsalar ba ƙarami ba ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da abokan aikinta sun ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 50 ne ke cikin bautar zamani, kusan miliyan 28 a aikin tilas, miliyan 22 a auren dole. A 2024 ƙungiyar ta ce ribar haram da ake samu daga aikin tilas ta kai dala biliyan 236 a shekara.

Hanyoyi uku da suka haɗu a Kano

Hanya ta farko ta arewa ce. Daga Kano a bi Daura zuwa Kwangwalam, ko Maigatari, ko Jibiya, a shiga Nijar, a nausa Damagaram zuwa Agadas, daga can sai Libiya ko Aljeriya. Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ƙirga matan Najeriya 1,454 da suka sauka Italiya ta teku a 2014. A 2016 adadin ya kai 11,009, kuma hukumar ta ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin ɗari nasu na iya zama waɗanda aka yi safararsu don karuwanci. Yawancinsu daga kudu suka fito, musamman Jihar Edo, amma Kano na daga cikin manyan zangunan da ake yada su kafin a tsallaka. Kada kuma a ɗauka 'yan kudu kaɗai hamada take ci. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, 33 mata, da yawansu daga yankin Kance da ke maƙwabtaka da Daura. Ƙishirwa ce ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. A 2015 Nijar ta kafa doka mai tsanani a kan jigilar baƙin haure, amma gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta soke ta a watan Nuwamban 2023, hanyar Agadas ta sake buɗewa.

Hanya ta biyu ta gabas ce, kuma ita ta fi shafar gidajen Hausawa. Tun zamanin 'yan Kano-Jidda ake tafiya ƙasa mai tsarki neman kuɗi. Yanzu dillalai suna bin zawarawa da 'yan mata da alƙawarin aikin gida a Saudiyya, Oman, Iraƙi ko Labanan: za a yi miki fasfo, a yi miki biza, ki biya a hankali idan kin fara aiki. Wasu suna dacewa da gidan kirki. Wasu kuma da isarsu ake karɓe fasfo, albashin watanni ya tafi wajen biyan bashin da ba ya ƙarewa. Tsarin kafala, wanda ya ɗaure zaman ma'aikaci a hannun wanda ya ɗauko shi, yana sa gudu ya zama laifi, kuma sassaucin da Saudiyya ta yi wa tsarin a 2021 bai haɗa da 'yan aikin gida ba. Kafin tashi, sau da yawa akan tara irin waɗannan mata a masauki na kwanaki ana jiran takardu. A 2025 jami'an hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, sun kai samame wani otal kusa da filin jirgin saman Abuja, suka ceto 'yan mata bakwai da ake shirin kai wa Iraƙi, suka kuma kama manajan wurin.

Hanya ta uku ta cikin gida ce: 'yan aikatau da ake kwasowa daga ƙauyuka, yaran da ake sa wa bara, da yaran da ake sacewa. Kanawa ba za su manta watan Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka sanar da gano yara tara da aka sace daga unguwannin Kano aka sayar a Onitsha ta Jihar Anambra. Gwamnatin jiha ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Wada Umar Rano, kuma a watan Yulin 2021 Babbar Kotun Kano ta yanke wa Paul Owne, wanda aka samu da laifin satar yaran, ɗaurin shekara 104.

Abin da dokar Najeriya ta tanada

NAPTIP, hukumar da ke yaƙi da safarar mutane, an kafa ta ne a 2003, bayan fafutukar da gidauniyar Hajiya Titi Atiku Abubakar ta yi na ganin an samar da doka. A 2015 aka sabunta dokar aka ƙara mata ƙarfi. Mafi ƙarancin hukunci yanzu shi ne ɗaurin shekara 2 da tarar naira 250,000, idan kuma yaro aka jefa cikin lalata, shekara 7 da naira miliyan 1. An kuma toshe ƙofar da a da ake biyan tara a tafi gida ba tare da ɗauri ba. Ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifi ne a ƙarƙashin wannan doka. Kamfani ma ana iya gurfanar da shi, kotu kuma tana da ikon rufe shi ta ƙwace dukiyarsa. Hukumar, wadda Hajiya Binta Adamu Bello take shugabanta tun 2024, tana da ofishin shiyya a Kano. A matakin jiha kuma, an sa hannu a Dokar Kare Yara ta Jihar Kano a watan Mayun 2023.

Doka dai akwai ta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne labari a kan lokaci. Jami'i ba zai san abin da ke ɗaki na 14 ba sai wani ya faɗa masa, kuma motar Damagaram ba ta jiran kowa.

Inda horon ya samo asali

A 1996 aka yi babban taron duniya na farko a kan cin zarafin yara ta hanyar lalata don kuɗi, a birnin Stockholm na Suwidin. Bayan shekara biyu, ƙungiyar kare yara ta ECPAT da wasu kamfanonin yawon buɗe ido suka fitar da wasu ƙa'idoji shida da kamfani zai ɗaukar wa kansa. Daga ciki akwai rubuta manufa a fili, horar da ma'aikata, sanar da baƙi, da bayar da rahoto duk shekara.

Manyan kamfanoni sun biyo baya. Marriott ya wajabta wa ma'aikatan otal-otal ɗinsa wannan horo a 2017, kuma zuwa farkon 2019 ya sanar cewa mutum 500,000 sun kammala. A Amurka, Jihar Connecticut ta mayar da shi doka a 2016. Kalifoniya ta bi sahu a 2018, ta ce duk ma'aikacin da ke hulɗa da baƙi sai ya samu horon aƙalla minti 20, a kuma maimaita duk shekara biyu. Abin da ya ƙara zaburar da masu otal a can shi ne dokar tarayya da tun 2008 ta bai wa wadda aka yi safararta damar kai ƙarar duk wanda ya ci riba da abin, matuƙar ya sani ko ya kamata a ce ya sani. Daga nan cewa "ban lura ba" ya daina zama mafita.

Minti 20 ba wani dogon karatu ba ne. Abin da ake so shi ne ma'aikaci ya san me zai duba, ya kuma san wa zai gaya wa.

Kowa da abin da idonsa ke gani

Mai karɓar baƙi shi ne na farko. Ana koya masa ya lura da babban mutum da ya zo da 'yan mata uku ko huɗu waɗanda ba su san juna ba, ba su da kaya sai leda ɗaya ɗaya, kuma duk katunansu da fasfo ɗinsu da wayoyinsu suna hannunsa. Ya lura da wadda aka tambaye ta sunanta sai ta kalli wanda ya kawo ta kafin ta amsa, ko wadda ba ta san sunan garin da take ba, ko amsarta ta yi kama da hadda. Ya lura da wanda ya ƙi a rubuta sunan abokiyar tafiyarsa, ya nemi ɗakin da ke can ƙarshe kusa da ƙofar baya, yana biyan kuɗi kullum-kullum ba ya faɗin ranar tashi. Mai horarwa yakan ba shi kalaman da zai fake da su ba tare da rigima ba: "Alhaji, a yi haƙuri, ƙa'idar gidan nan ce, duk wanda zai kwana sai mun ga katinsa mun rubuta."

Mai gyaran ɗaki ta fi kowa ganin ciki. Ɗakin da aka hana ta shiga kwana uku a jere, amma ana ta neman ƙarin tawul da zanin gado. Ɗakin mutum biyu da ta tarar da tabarmi da mutum takwas. Yarinya ƙarama da kayan kwalliyar manya, ko tabon duka, ko alamar an ɗura mata ƙwaya. Ƙofar da ake kullewa ta waje idan mai ɗakin zai fita. Idan ta samu yarinyar ita kaɗai, tambaya mai taushi ta isa: "Ƙanwata, lafiya kuwa? Akwai wanda kike so a kira miki?"

Maigadi shi ke riƙe da lissafin dare. Shi ya san ɗakin da maza daban-daban suke shiga suna fita, kowa minti talatin. Shi ya san ɗan adaidaita sahun da ke sauke yara mata bayan sha biyu ya dawo ya kwashe su kafin kiran sallah, da motar da ke zuwa ta ɗebi mutane da asuba fitilunta a kashe. Mai kai abinci kuma ya san ɗakin da ake sayen kwano biyu alhali ya ji muryoyi shida.

A nan ne horon da aka kwafo daga waje zai iya ɓatar da mutane idan ba a gyara shi ba. A littafin Turawa, macen da ta sunkuyar da kai ta bar namiji yana magana a madadinta abin zargi ce. A Kano wannan kunya ce ta yau da kullum, kuma amarya da angonta haka za su tsaya a gaban kanta. Jagoran masu Umara yakan riƙe fasfon mutum ashirin a jakarsa, ba da wata mugunta ba. Dangin mara lafiya sukan cunkushe a ɗaki ɗaya saboda kuɗin magani ya cinye na masauki, abin da duk mai gidan baƙi a kusa da asibitin Malam ya saba gani. Saboda haka ƙa'idar farko ita ce alama ɗaya ba hujja ba ce. Abin dubawa shi ne taruwar alamu, da tambaya guda: shin wannan mutumin yana da ikon tashi ya fita idan ya ga dama? Matar aure mai kunya tana da wayarta, ta san inda za ta, tana fitowa ta yi alwala ta sayi katin waya. Wadda aka kamo ba ta da ko ɗaya.

Ƙa'ida ta biyu ita ce kada a yi zargi da ƙabila ko sutura. Mai safara yana iya zuwa da babbar riga da carbi, yana iya zama mace mai lulluɓi har ƙasa da ake kira Hajiya, sau da yawa ma 'yar uwa ce ko maƙwabciyar iyayen yarinyar.

Bayan an gani, sai me?

Rabin horon a nan yake. Ba a son ma'aikaci ya tunkari wanda yake zargi, ko ya kulle ƙofa ya tara jama'a. Yin haka yana iya jawo wa yarinyar duka, ya sa a gudu da ita kafin jami'ai su iso, ko ya haddasa ɗaukar doka a hannu a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Abin da ake so shi ne ya riƙe bayani a natse: lambar ɗaki, lokaci, kamannin mutane, lambar mota. Ya sanar da manaja ko wanda aka naɗa don wannan aiki. A adana hoton kyamarar tsaro da shafin rajista. Sannan a kira NAPTIP a gajeriyar lambarta, 627, ko ofishin 'yan sanda mafi kusa idan rai na cikin haɗari.

Ba a ɗaukar bidiyon yarinyar a watsa a Facebook ko TikTok. Wanda ya yi haka ya tona mata asiri har abada, ya kuma gargaɗi sauran 'yan ƙungiyar su ɓuya.

Akwai wani batu da ya keɓanci Kano. Hukumar Hisba, wadda dokar jiha ta kafa a 2003, takan kai samame masaukai don hana baɗala, kuma jama'a sun saba kallon duk macen da aka fito da ita daga otal a matsayin mai laifi. Masu safara sun san haka, da shi ma suke tsorata yaran: idan kika yi magana ke za a kama, a nuna ki a gari. Dokar 2015 ta tanadi kariya ga wanda aka yi safararsa daga tsarewa ko gurfanarwa a kan abin da halin da aka jefa shi ya jawo, kamar rashin takardun tafiya. 'Yar shekara sha biyar da aka samu a ɗakin otal da wani magidanci, mafaka take buƙata da likita da mai ba da shawara, wanda ya kawo ta kuma shi ne na kotu. Idan ma'aikatan otal da 'yan Hisba da 'yan sanda suka zauna a aji ɗaya suka fahimci wannan bambanci, yaran za su fara samun bakin magana.

Abin da ke ɗaure bakin ma'aikaci

Duk wanda ya san aikin otal a Kano ya san albashin ƙananan ma'aikata bai taka kara ya karya ba. Baƙon da ke miƙa wa yaron kanta dubu biyu kullum ya zama uban gida, kuma mai safara ya fi kowa sakin hannu. Ga tsoron manaja, wanda ba ya son motar jami'ai a ƙofarsa don kada sunan gida ya ɓaci. Ga kuma maganar da aka saba ji: "Ba ruwana, baƙo ya biya kuɗinsa." Horon da ya tsaya a kan masu shara da masu gadi, bai hau kan mai gida ba, ba zai je ko'ina ba. Sai mai otal ya faɗa da bakinsa, ya kuma rubuta ya liƙa, cewa ba za a kori kowa don ya kawo rahoto ba, ko da daga baya zargin bai tabbata ba.

Ma'aikata kuma ba sa daɗewa a wuri ɗaya, don haka horon sau ɗaya ba ya isa. Da yawansu Turancinsu kaɗan ne, wasu boko ma ba su yi ba. Darasin da zai yi aiki a Darmanawa sai ya kasance da Hausa, da baki, da misalan da aka sani, a kuma yi shi lokacin da masu aikin dare za su samu halarta.

Sannan otal ya dubi cikin gidansa. Yaron da ke wanke tukwane a kicin, shekararsa nawa? Wa ya kawo shi, kuma hannun wa albashinsa yake shiga? Matan da ɗan kwangila ya kawo suna wanki, suna iya barin aikin idan sun so? Gidan da ke cin gumin yaro a bayan kicin ba zai iya tsare na ɗakin sama ba.

Gadon fatoma

Ɗora wa mai masauki alhakin baƙonsa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, kowane zango yana da fatoma, mai gidan da fatake ke sauka. Ya san sunan baƙonsa da garinsu da abin da ya ɗauko, shi ke ajiye masa dukiya, shi ke tsaya masa idan ciniki ya rikice. Baƙon da ya sauka a unguwa kuma sai an kai labarinsa ga mai unguwa. Rajistar otal ta yau ci gaban wannan tsari ne.

Tarihin yana da ɗaya fuskar. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana cinikin bayi a kasuwa, ayarin da ke ɗaukarsu zuwa arewa kuma ta Damagaram da Agadas yake bi, hanyar da motoci ke bi yau. An rufe kasuwar bayi ta Kano bayan zuwan Turawa a 1903, aka kuma soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya a 1936. Wancan ciniki bai yiwu ba sai da masu masauki da suka buɗe ƙofa suka kau da kai. Na yau ma haka yake.

Wa zai ɗauki nauyi?

A watan Yulin 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar gwamnatin tarayya da Jihar Legas, cewa rajista da sa ido a kan otal-otal hurumin jihohi ne. Ma'ana, Kano ba ta buƙatar jiran Abuja. Hukumar yawon buɗe ido ta jiha tana iya sa shaidar horo cikin sharuɗɗan sabunta lasisi, ta wajabta rubuta sunan duk wanda ya kwana tare da ganin katinsa, ta hana bai wa wanda bai kai shekara 18 ba ɗaki sai da waliyyinsa.

Masu koyarwa ma suna kusa. Cibiyar horar da ma'aikatan otal da yawon buɗe ido ta ƙasa, NIHOTOUR, tana da reshe a Bagauda. Idan ta haɗa hannu da ofishin NAPTIP na Kano, za a iya tsara darasin awa ɗaya da Hausa, a naɗe shi a murya a tura ta WhatsApp ga wanda bai samu zuwa ba. Ƙungiyar masu otal za ta iya tara mambobinta mazaɓa-mazaɓa, tunda Tarauni mazaɓu 10 gare ta. Ya dace a gayyato shugabannin direbobi na tashar Unguwa Uku da na 'yan adaidaita sahu, domin su ke kawo baƙon ƙofar otal su kuma ɗauke shi, sannan a sa masu unguwanni a ciki, waɗanda suka san gidajen da ke karɓar baƙi ba tare da allo a ƙofa ba.

Mai ƙaramin gidan baƙi ba sai ya jira duk wannan ba. Yana iya tara ma'aikatansa da safe bayan an miƙa aiki, ya bi da su alamun nan ɗaya bayan ɗaya, ya naɗa mutum guda da za a riƙa kai wa rahoto dare da rana. Ya buga takarda da Hausa da Turanci da ajami mai ɗauke da lambar 627, ya liƙa a bayan ƙofar kowane banɗaki, inda wanda aka tsare yake samun kaɗaicewa. Ranar 30 ga Yuli ta kowace shekara ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don yaƙi da safarar mutane, ana kuma bikinta tun 2014. Masu otal na Gyadi-Gyadi da Tarauni suna iya ɗaukarta a matsayin ranar da za a riƙa sabunta horon duk shekara, a gayyato jami'in NAPTIP ya amsa tambayoyin ma'aikata, a kuma rubuta sunayen sababbin da suka shigo aiki don kada a tsallake kowa.